Gardamarmu da Yaya Sabo Kan Gidan Gem

Damina ta bana ta cika shekara ashirin da biyar da rasuwar yayana Sabo, wanda mutanen Gumel na wancan lokacin suka fi sani da Kofur Mai Gem. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Kowace shekara nakan ce bana zan yi, sai kuma in rasa abin da zan gaya wa waɗanda ba su san shi ba, domin bai riƙe sarauta ba, bai bar gini ba, sunansa bai taɓa fita a jarida ba.

Abin da ya motsa ni a wannan karon wani shiri ne da na ji a rediyo kwanakin baya. An tara masana suna muhawara a kan ko wasannin faɗa da harbe-harbe da yara ke bugawa a waya suna ɓata musu tarbiyya. Na saurara har ƙarshe ina tankaɗe. Duk abin da suka faɗa, na wannan ɓangare da na wancan, ni da Yaya mun riga mun faɗe shi a tsakar gidanmu tun masanan nan suna zuwa makaranta da gajeren wando.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Shi ne na fari, ni ce ta uku, kuma tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. In ya ce tuwon gero ya fi, sai in ce na dawa. Inna takan ce in aka ba mu alƙali guda mu biyu, ba zai daɗe ba zai ajiye aikin.

Ya shiga soja ina makarantar horon malamai. A farkon shekarun casa'in aka tura su Laberiya, ya dawo da takardar sallama da ƙafar hagu da ba ta lanƙwasuwa. Ƙafar ba ita ta fi damunmu ba. Mutumin da muka sani da surutu da tsokana ya dawo ba ya magana. Yakan wuni a zauren gidanmu yana kallon bango, kuma ba ya cin abinci cikin mutane. Wata rana tayar mota ta fashe a bakin titi, aka same shi kwance rub da ciki ya rufe kai da hannuwa. Ya tashi yana kakkaɓe riga, bai kalli kowa ba. Inna ta karɓo rubutu, ta yi sadaka, abin bai sake shi ba.

Wata Alhamis gab da babbar Sallah, Baba ya matsa masa ya je kasuwar Maigatari ya zaɓo mana rago, don kawai ya fita ya ga mutane. Da yamma ya dawo babu rago, sai kwali a hammata. Ashe a layin 'yan gwanjo ya tarar da wani ɗan Damagaram mai suna Ilu ya jona wata 'yar na'ura da talabijin da batirin mota, yara sun kewaye shi. Yaya ya tsaya kallo, ya karɓi hannun, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, bai ankara ba sai da aka kira la'asar. Da kuɗin ragon ya sayi na'urar. Washegari da na zo gida na tarar an shimfiɗa tabarma a rumfa, wani ɗan mutum a cikin talabijin yana ta faɗawa rami, Yaya kuwa yana ƙyaƙyata dariya har da hawaye. Baba ya so ya yi faɗa a kan ragon. Inna ta tare shi, ta ce duk abin da ya sa Sabo dariya, ko mene ne shi, a bar shi ya zauna a gidan.

Da abin da ya rage na sallamarsa ya kama ɗaki a hanyar tasha, ya sa benci da talabijin biyu da ɗan janareto saboda ɗauke wuta. Iya sanina shi ne gidan gem na farko a unguwarmu. Yakan zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafar nan tasa a kan kujera 'yar tsugunne, ta tare hanya, don haka babu yaron da zai shiga sai ya janye masa ita. Mai kayan makaranta ba ya shiga. Wanda aka aika ba ya shiga sai ya kai aiken ya dawo. In aka kira salla sai ya kashe janareto ko da ana dab da cin ƙwallo, da magariba kuma ya sa kwaɗo. Wanda ya yi ashar zai yi hutun dole. Wanda aka cinye sai ya miƙa wa wanda ya cinye shi hannu su gaisa kafin ya tashi. Ya san uban kowane yaro, ya san wanda uwarsa ba ta da lafiya, ya san wanda bai karya ba.

Amma abin da ya fitar da sunansa shi ne sharhi. Duk sa'ad da Ilu ya kawo sababbin kaset, Yaya ba ya barin yaro ya taɓa su sai shi ya buga su tukuna shi kaɗai. In ya gama, sai ya zauna bayan la'asar ya yanke musu hukunci. Rubutun da ke cikinsu wani na Faransanci ne, wani kuma irin na mutanen gabas mai nisa da babu mai iya karantawa, saboda haka shi yake ƙirƙira musu labari, ya raɗa wa mutanen ciki suna. Ba yara kaɗai ke taruwa ba, har direbobin tasha da telan da ke maƙwabtaka da shi sukan bar aiki su zo su ji.

Na tuna abin da ya ce da wani wasan tseren mota. Ya ce motar tana da gudu, amma titin ƙarya ne, domin daga farko har ƙarshe babu rami ko ɗaya, kuma babu akuyar da ta tsallaka, don haka duk wanda ya koyi tuƙi a nan kada ya kuskura ya hau hanyar Gagarawa. Wani wasan kuma ya ce da shi aikin gayya ne da ba a dafa abinci ba, ka sha wahala ka kai ƙarshe, sai a nuna maka rubutu kawai. Wasan ƙwallo ne ya fi yabo, saboda mutum biyu ke yi suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ko da yake ya ce golan ciki ba shi da kunya. Akwai kuma wanda ya mayar wa Ilu, wani wasan faɗa da in mutum ya yi nasara sai ya tsaya a kan wanda ya faɗi ya yi masa kisan wulaƙanci, jini yana tsartuwa. Ilu ya ce a can wajensu shi yara suka fi so, ya ce ma ya bar masa shi kado, wato kyauta. Yaya ya ƙi karɓa. Ya ce wanda ya zana abin nan bai taɓa jin warin jini ba.

Sai dai akwai wani wasan faɗan da ya riƙe, wanda babu jini a cikinsa. Mutum biyu ne ke naushi da shuri har ɗaya ya faɗi, a sake sabon zubi. Ya sa wa 'yan faɗan suna, akwai Sarkin Fawa, akwai Gwaggo, akwai Dogo Mai Tsalle. Yara suka haukace a kansa. A kan wannan kaset ɗin ne gardamarmu ta tsaya.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, kuma da idona nake ganin abin da ke faruwa in an fita tara. Yaran da da suke langa da ƙwallon tsumma sun koma tsalle suna shurin iska, suna ihu irin na talabijin. Na ce masa yana koya musu mugunta. Ya ce in tuna dambe da kokawar da Baba ke kai mu kallo a Sule Tankarkar bayan an gama girbi, ya tambaye ni ko cikinmu akwai wanda ya zama ɗan ta'adda. Na ce a fagen dambe in aka kayar da mutum kana ganin haƙorinsa a ƙasa, kana jin kukan 'yan'uwansa, ka san duka yana da ciwo. A akwatinsa kuwa wanda aka yi wa lilis yana miƙewa garau da an danna maɓalli, to me yaro zai koya in ban da cewa duka ba komai ba ne? Ya ce yara sun fi ni wayo, sun san zane sun san mutum. Haka muke yi a kan akushi ɗaya, Inna tana cewa mu bari tuwo ya wuce tukuna.

Sau ɗaya tak ya kawo maganar inda ya je. Na matsa masa ƙwarai a ranar, sai ya ajiye cokali.

"Malama," haka yake kirana in zai tsokane ni, amma ran nan babu tsokana a muryarsa, "na ga yara, wasu ba su kai Kamalu ba, riƙe da bindiga ta gaske. Babu wanda ya taɓa ganin gem a cikinsu. Manya ne suka miƙa musu."

Kamalu ɗana ne na fari, yana aji biyar a lokacin. Ni ban ga abin da ya gani ba. Amma ko a ranar ban yarda cewa wannan ya wanke kaset ɗinsa ba, kuma bayan kwana biyu na gaya masa haka.

Gidan aurena a layin su Baba yake, katangarmu ɗaya da gidan Mista Bitrus, wani ma'aikacin gona mutumin Filato da aka kawo Gumel tun muna cikin jihar Kano. Matarsa, Maman Ishaya, tana ɗinki, ita ke yi wa rabin matan layinmu kayan Sallah. Mu kai musu nama da layya, su kawo mana shinkafa da Kirsimeti. Ɗansu Ishaya a Gumel aka haife shi, ajinsu ɗaya da Kamalu, kuma in ka ga ɗaya to ɗayan yana bayansa. In Kamalu ya shiga masallaci, Ishaya yakan zauna a waje yana gadin takalmansa har ya fito.

Wata Asabar da safe, bayan an yi ruwa, su biyun suka hau tarin yashi a wani kango suna kwaikwayon Dogo Mai Tsalle. Ishaya ya diro daga sama da ƙafa a miƙe, ya sami Kamalu a ƙirji, Kamalu ya faɗa kan bulo, hannunsa na dama ya karye. Ishaya ne ya goyo shi har gida, yana kuka fiye da wanda ya karye. Mista Bitrus ya fito da motarsa ya kai mu wurin wani mai ɗori a Ɗanzomo, kuma shi ya rungume Kamalu a ƙirjinsa lokacin da ake jan hannun, domin maigidana ya kasa tsayawa ya kalla.

Kafin mu dawo gida labari ya riga ya canza kama. Shekarun nan ne da ake yawan jin labarin rigingimu daga wasu garuruwa, matafiya suna kawowa, kowa yana ƙara nasa. Aka fara cewa da gangan yaron ya yi. Daga nan aka ce ai musu suka yi a kan addini. Wasu matan suka aika a karɓo musu yadinsu daga wurin Maman Ishaya ba a ɗinka ba. Aka yi jifa a kan kwanon gidansu. Ishaya ya daina zuwa makaranta. Na bi gida gida ina cewa wasa ne, kuma in akwai mai laifi to akwatin Yaya ne, amma sai a ce kara nake yi wa maƙwabta. Mista Bitrus ya shaida wa maigidana cewa zai mayar da iyalinsa Filato, shi ma zai nemi canjin wurin aiki.

Mai unguwa ya kira zama a zauren gidan iyayenmu, saboda Baba ne dattijon layin. Aka gayyato Malam Isiyaku, alaramman da ke da makarantar allo a bayan gidanmu, wanda a gabansa ni da Yaya muka yi karatu. Mu mata muna daga ciki, bayan ƙyaure, muna ji. Mista Bitrus ya ba da haƙuri. Maigidana ya ce shi bai riƙe kowa ba. Da a nan aka tsaya da shi ke nan, sai wani mai zafin kai, wanda ba zan ambaci sunansa ba tunda shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ya ce ba a nan take ba. Ya ce yaro ba ya yin abin da ba a koya masa a gida ba, kuma ya kamata a san irin mutanen da ake zaune da su. Na ji wasu suna cewa haka ne. Zauren ya ɗauki guna-guni.

Sai na ji ƙarar sandar Yaya a daɓe, alamar yana miƙewa.

"Allah gafarta Malam, a ba ni dama," in ji shi. "Gaskiya ne an koya masa, amma ba a gidansu ba. Tsallen nan a shagona ya gan shi, ni na sa musu kaset ɗin, ni na raɗa wa mai tsallen suna. Kamalu ma ya iya shi. Da shi ya riga hawa yashin, da yanzu hannun Ishaya ne a ɗaure. Duk mai neman wanda zai kama, ga ni. Daga yau na rufe shagon."

Matar da ke leƙe ta kafar ƙyaure ta ce mana Malam Isiyaku ya daɗe yana kallon Yaya kafin ya buɗe baki. Da ya buɗe, cewa ya yi tunda mai abu ya amsa abinsa, magana ta ƙare, kuma duk wanda ya sake taɓa gidan Bitrus ya sani shi ya taɓa. Ya yi addu'a, aka shafa, aka watse.

A ranar Yaya ya sa aka kwaso talabijin da benci a kura aka kawo gida. Kafin sati ya zagayo, Ishaya ya koma makaranta, yadukan da aka karɓe suka fara komawa wurin Maman Ishaya ɗaya bayan ɗaya, kowace da uzurinta.

Ni kuwa na ɗauka na ci gardama. Na dafa masa dambun shinkafa da yake so na kai masa, na zauna ina shirin yi masa ta'aziyyar shago cikin ladabi irin na wanda ya yi nasara. Ya ci ya ƙoshi, ya sha ruwa, sannan ya dube ni.

"Kada ki yi murna, Malama. Ban yarda da ke ba."

Na ce to me ya faɗa a gaban mutane?

"Abin da na faɗa gaskiya ne, a shagona ya ga tsallen. Abin da ban faɗa ba shi ne, da babu shagon ma da sun sami wani abin da za su diro daga kansa. Ke kin manta wanda ya karya miki yatsa a kan bishiyar tsamiya?"

Shi ne ya karya min, kuma a lokacin ko rediyo babu a gidanmu. Na ce wannan daban, ya ce ɗaya ne, muka ɗora daga inda muka tsaya.

Ban gane nauyin abin da ya ajiye ba sai da watanni suka wuce. Shagon nan ba sana'a ce kawai a wurinsa ba, shi ne ya dawo mana da shi cikin mutane. Da aka rufe, sai shirun ya fara dawowa. Ya tafi Gagarawa wurin kawunmu ya gwada noman riɗi, ƙafar ta hana shi. Ya dawo ya koma zauren. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, kuma bai taɓa bari Mista Bitrus ya yi masa godiya ba. In ya fara, sai Yaya ya tambaye shi farashin taki.

A cikin wannan tsakanin wasu suka buɗe nasu gidajen gem ɗin a gari, domin an riga an ga akwai ciniki. Su babu ƙafar da ke tare ƙofa. Na sha zuwa in fito da ɗalibaina daga ciki da kayan makaranta a jikinsu ana tsakiyar darasi. Kaset ɗin nan mai jini da Yaya ya ƙi karɓa ko a kyauta, shi ake layi a kansa. Wannan bai sa na canza ra'ayi a kan wasan ba, sai ma ƙarfafa ni da ya yi. Abin da na fahimta shi ne, akwai bambanci tsakanin ɗakin da babba ke zaune a ƙofarsa da ɗakin da babu kowa.

Malam Isiyaku ma ya lura. Shi da kansa ya tako har zauren ya ce wa Yaya ya sake buɗewa. Yaya ya ce ya riga ya yi magana a gaban jama'a. Malam ya ce a gabansa aka yi maganar, kuma shi ya warware ta. Ya ƙara da cewa tun ran nan ya san Yaya bai yarda da hukuncin da ya yanke wa kansa ba, kuma ya san dalilin da ya sa ya yanke shi. Ranar da aka sake buɗewa Malam ya shiga ya zauna a benci, ya naɗe carbinsa a hannu, ya kalli tseren mota na ɗan lokaci. Da zai fita ya tambayi Yaya wa ke biyan gyaran duk motocin nan da ake farfasawa. Yaran da ke wurin har yau suna ba da labarin.

Ƙwallo da tsere suka dawo, amma kaset ɗin su Dogo Mai Tsalle bai dawo ba. Na ce masa ashe dai ya gane. Ya ce wannan alkawari ne, ba ra'ayi ba, kada in haɗa su.

Bai yi shekaru da yawa a buɗewa ta biyu ba ciwon hanta ya kwantar da shi. A kwanakinsa na ƙarshe ina zaune a gefensa ina masa fifita, ya buɗe ido ya tambaye ni ko har yanzu ina nan a kan bakana. Na yi niyyar in ce a'a don in faranta masa, amma na san zai gane. Na ce ina nan. Ya yi murmushi ya ce madalla, da na ce na sauka da ya san lallai mutuwa zai yi. Ranar jana'izarsa samarin da suka girma a bencinsa ne suka yi ta karɓa-karɓar makara, manya ba su samu sun taɓa ba. Mista Bitrus da Ishaya suna zaune a ƙofar gida tare da mu har aka share makoki.

Yanzu ina duban jikokina ina tambayar kaina me Yaya zai ce. Gem ya bar ɗaki mai ƙofa ya koma aljihu. Yaro yana kwance shi kaɗai, ya toshe kunnuwa, yana harbin mutanen da suka yi kama da mutane har gumin goshinsu, tare da wasu da bai san ko su wane ne ba a wata ƙasa. Babu wanda zai miƙa wa hannu in an cinye shi. Ina jin ingancin zanen zai burge Yaya, zai ce yanzu kam an sa rami a titi. An kuma nuna min samarin da sana'arsu ke nan, su buga sabon wasa su yi sharhinsa a bidiyo dubban mutane suna kallo. Na kalli wasu, ban ga wanda ya kama ƙafar Yaya a iya zance ba, kuma ban ga wanda ya ce wannan na mayar wa mai shi ba. A kan wasannin harbin kuwa, ban san abin da zai ce ba. Wata rana nakan ce zai tsaya a kan maganarsa cewa manya ne ke miƙa wa yara bindiga. Wata rana kuma nakan ce zai ga sun yi kusa da abin da ya gani da idonsa, ya kawar da kai. Ba zan sa masa magana a baki ba, bai taɓa yarda na yi masa haka ba yana raye.

Abin da na tabbata shi ne ba zai yanke hukunci a kan wasan da bai zauna ya buga ba, kuma ba zai bar yaro shi kaɗai da shi ba. Mu da muke ƙorafi a yau, da yawanmu ba mu taɓa zama kusa da yaran mun ga abin da suke kallo ba. Mukan ƙwace wayar ko mu ƙyale su, waɗannan biyun kawai muka iya.

Ni har gobe ina ganin wasan duka yana rage wa yaro jin ciwon wani. Yaya ya tafi yana ganin ba haka ba ne. Amma da aka zo inda za a zaɓa tsakanin ya ci gardama da ya tsare ɗan maƙwabci, bai tsaya tunani ba, ya ba da gardamar, ya haɗa da shagon da ke riƙe da shi. Saboda haka iyalin Mista Bitrus ba su bar Gumel a tsorace ba. Sun zauna har ya yi ritaya, suka tafi da rana tsaka, matan layinmu suna kuka a jikin mota.

Yaran biyu kuwa sun raba gardamar tsakaninsu, kowa ya ɗauki ɓangaren da ba a zata ba. Kamalu, wanda hannunsa ke yi masa tsami duk lokacin sanyi, ɗan goyon bayan kawunsa ne, yakan zauna ya buga ƙwallo a waya da 'ya'yansa har matarsa ta yi magana. Ishaya yana Jos yana koyarwa, kuma ya hana gem shiga gidansa ko na ƙwallo ne. Yakan kira ni duk Sallah, ya ce Mama ke ce mai gaskiya.

Yaya bai bar ɗa ba. Amma da aka haifa wa Ishaya ɗansa na fari, ya kira ni ya nemi izini, ya sa masa suna Sabo. Yanzu haka akwai wani Sabo a Jos, saurayi mai surutu da tsokana, wanda ubansa bai taɓa bari ya riƙe hannun gem ba. Da Yaya zai ji wannan, na san sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce a kawo masa yaron hutu.

Allah ya jiƙan Yaya Sabo, ya yalwata masa makwanci, ya saka masa da abin da ya yi wa 'ya'yan mutane. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.